Ɗarin da ba a yi masa kasafi ba: hunturu da 'yan gudun hijirar arewacin Togo

A Lome hunturu ba ya daɗewa. Yakan iso wajen ƙarshen Disamba, ya shimfiɗa hazo a kan teku, ya busar da leɓe, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, na Avédji da Adidogomé su saka rigar sanyi da asuba, kafin hantsi sun tuɓe ta. Zuwa ƙarshen Janairu an manta da shi. Shi ya sa idan aka ambaci agajin lokacin sanyi a gaban mutumin Lome, hankalinsa kan tafi Gaza ko Siriya ko Yukiren, inda talabijin ke nuna tantuna cikin ruwa da ƙanƙara. Ba ya kawo Dapaong ko Cinkassé a ransa, alhali titi ɗaya ne, titin ƙasa mai lamba 1, ya tashi daga bakin teku ya miƙe kilomita 600 da 'yan kai har can. Daga Dapaong kuma a karkata gabas zuwa Mandouri, a yankin Kpendjal, inda wutar rikicin ta fi ci.

A can hunturu mazauni ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, ɗauke da ƙurar da akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi. Shekaru huɗu zuwa biyar ke nan wannan iska na samun dubban mutane a wajen gidajensu.

Daren 9 ga Nuwamba 2021 aka kai hari na farko a ƙasar Togo, a Sanloaga cikin Kpendjal, sojoji suka mayar da shi. A watan Mayun 2022 aka kashe sojoji 8 a Kpékpakandi, ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta ce ita ce. A watan Yuni gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a jihar Savanes, tun daga nan kuma ake ta sabunta ta. A Afrilun 2023 shugaban ƙasa Faure Gnassingbé da bakinsa ya ce an rasa sojoji kusan 40 da fararen hula kusan 100, ya kuma ce hukuma ta tashi mutane kusan 12,000 daga ƙauyukansu don a samu damar tsaron iyaka. A kan waɗannan sai a ƙara dubun dubatar da suka tsallako daga Burkina Faso, ƙasar da ƙididdigar hukumominta ta 2023 ta nuna mutum fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. Gurmawa ne, da Mosawa, da Moba, da Fulani, da 'yan kasuwar zango-zango na kan iyaka. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma manoma da makiyaya ne da suka bar hatsi a gona ko a rumbu, suka bar dabbobi a hannun wanda ya kore su.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, a arewacin Togo babu manyan sansanoni irin Zaatari na Jodan ko Minawao na Kamaru. Mutanen Lome sun san sansani, domin an buɗe ɗaya a Avépozo, gabas da birni, a 2011 lokacin rikicin zaɓen Kodebuwa. Amma a Savanes hukuma ta zaɓi 'yan gudun hijira su zauna cikin jama'a. Wannan tsari yana da alherinsa. Mutum bai zama lamba a bayan waya ba, yana shiga kasuwa, yana neman ƙodago, 'ya'yansa na iya zama aji ɗaya da 'ya'yan gari. Jamhuriyar Nijar ma ta bi hanya mai kama da wannan a jihar Maraɗi, inda tun 2019 aka zaunar da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Chadakori, nesa da iyaka. Sai dai tsarin yana ɓoye wahala. Sansani ana ganinsa daga sama, ana ɗaukar hotonsa, ana ƙirga tantunansa a ce ga adadin barguna da ake buƙata. Gidan manomi a bayan garin Dapaong da ya tashi daga mutum takwas ya koma ashirin, ba wanda ke ganinsa. Ɗakuna ba su ƙaru ba. Tabarmi ba su ƙaru ba. Wanda ya rasa wuri a ɗaki sai rumfa, ko kangon da ba a gama ginawa ba, ko bukkar kara da aka lulluɓe da leda. Kundin ƙa'idojin agaji da ake kira Sphere ya ce kowane mutum na buƙatar aƙalla murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri. Duk wanda ya taɓa shiga gidan da ya sauki baƙin gudun hijira ya san tazarar da ke tsakanin wannan ƙa'ida da abin da ke ƙasa.

Wani zai ce, to wane sanyi ne a Togo har da za a kira shi bala'i? Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce tushen sakacin. A Kano da Maraɗi da Maiduguri ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da 15 da dare a Disamba da Janairu. A arewacin Togo ya ɗan fi haka sauƙi, darare da yawa ƙasa da 20, da rana kuma ya haura 30. Baturen da ke zaune ofis a Janeba idan ya ga waɗannan lambobi ba zai ga abin tashin hankali ba. Amma ɗari ba ya aiki da lamba kaɗai. Yana aiki da abin da ya tarar: jiki mai yunwa ne ko mai ƙoshi, a kan katifa yake ko a kan ƙasa, akwai bango ko iska na ratsa zana. Jariran da suka mutu da sanyi a tantunan Gaza a ƙarshen Disamban 2024 ba ƙanƙara ce ta rufe su ba, sanyin bakin teku ne wanda mai gida da bargo zai kwana cikinsa lafiya. Haka yara fiye da 20 da suka mutu a sansanonin Kabul a farkon 2012 sun mutu ne cikin birnin da ke cike da ofisoshin agaji.

Ƙasa ita ce ɓarauniyar farko. Wanda ya kwanta a kan daɓe ko turɓaya, ƙasar na zuƙe ɗumin jikinsa dare bakin dare, ko da ya lulluɓa ta sama. Saboda haka tabarma mai kauri ko 'yar katifa ba kayan jin daɗi ba ne, rabin maganin ne, kuma sau da yawa masu kyauta kan tara barguna su manta da shimfiɗa. Jariri sabon haihuwa shi ne ya fi shiga haɗari. Likitoci na ɗaukar cewa idan zafin jikinsa ya sauka ƙasa da 36.5 ya fara shiga sanyin da ake tsoro, kuma ba ya iya karkarwa kamar babba don ya ɗumama kansa. Ta kai yake yawan zubar da ɗumi, don haka hular ulu ta sefa 'yan ɗaruruwa na iya raba shi da asibiti. Yaro mai tamowa haka yake. Ba shi da kitsen da zai ƙona, shi ya sa a ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na jinyar tamowa mai tsanani, kare yaro daga sanyi na cikin matakan farko, kafin ma a kai ga ƙara masa nauyi. Ma'anar wannan ita ce, buhun masara ma kayan sanyi ne. Duk lokacin da aka rage rabon abinci, an rage bargo ke nan ba tare da an sani ba.

Sai ƙirji. Ƙurar hunturu na busar da hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki ɗaya na raba tari ga kowa, hayaƙin itacen da aka hura a rufaffen wuri don jin ɗumi na ƙarasa aikin. Ciwon haƙarƙari, wato limoniya, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 740,000 a duniya a 2019, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Uwa za ta ce mura ce, ta shafa man zafi, ta jira kwana uku, domin asibiti da nisa kuma da kuɗi. Yaron da numfashinsa ke sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ba mai jiran kwana uku ba ne.

Bayan haka ga sanƙarau. Arewacin Togo na cikin zirin da cutar ta saba, wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha, kuma lokacinta shi ne lokacin ƙura, daga Disamba har zuwa faɗuwar ruwa. Dattawan Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kama mutum kusan 250,000 a Afirka ta kashe kusan 25,000. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso a Disamban 2010 ta karya nau'in da ya fi ɓarna, amma wasu nau'o'in sun ci gaba da tasowa, har arewacin Togo ya ga annoba a 2016. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar. Yaron da aka haifa a ƙauyen da asibitinsa ya rufe saboda yaƙi, aka goyo shi aka tsallaka iyaka ba kati, shi ne wanda rigakafi ke tsallakewa. Agajin hunturun da bai haɗa da allura ba ya bar babbar ƙofa a buɗe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuta. Mai jin ɗari dole ya hura wuta, ba wa'azin da zai hana shi. To ga bukkar kara da leda, ga busasshiyar iska, ga bukkoki manne da juna, ga ƙarancin ruwa. A watan Nuwamban 2023 gobara ta cinye matsugunai fiye da dubu a sansanin Muna da ke bakin Maiduguri, yara suka mutu, kuma ba ita ce ta farko a wurin ba. A Afrilun 2020 mutum 14 suka ƙone a wani sansani a Ngala. Kowace shekara labarin Borno ke nan idan rani ya kama. Iyali su rasa ɗan abin da suka tsira da shi, har da katin rajistar da suke karɓar abinci da shi. Itacen kansa kuma da tsadarsa. Mace ce ke fita neman sa, kullum sai ta ƙara nisa, ta shiga gonar mai gari a yi rigima, ko ta shiga dajin da ake binne nakiya a hanyoyinsa. Mai jego da al'ada ta ce ta yi wankan ruwan zafi safe da yamma, a gidan da ba ta da iko da ko ƙirare ɗaya, sai ta zaɓa tsakanin tukunyar wanka da tukunyar tuwo. Bargo mai kyau na rage buƙatar kwana da garwashi. Murhu mai tsimin itace na rage fita daji. Fitila mai aiki da hasken rana na kawar da kyandir da acibalbal daga jikin zana. Waɗannan ƙananan kaya ne, amma da su ake hana gobara, ba da motar kashe gobara da ba za ta iso ba.

To me ya sa ba a jin gangamin hunturu kamar yadda ake jin na sanyin Gabas ta Tsakiya? Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitar da shirin sanyi na musamman kowace shekara don Siriya da Labanan da Jodan da Afganistan da Yukiren, da kasafinsa da ranar fara rabonsa. Wannan daidai ne, sanyin can na kisa kai tsaye, ba kuma mai hankalin da zai nemi a rage wa yaron Idlib ta Siriya don a ba yaron Mandouri. Amma a yankinmu kalandar masu agaji an gina ta ne kan damina: lokacin yunwa daga Yuni zuwa Agusta, ambaliya, zazzaɓin cizon sauro, kwalara. Hunturu kuwa ana ɗaukarsa lokacin hutu, an yi girbi, hanyoyi sun bushe. Ga mai gona haka ne. Wanda aka kora bai girbe komai ba. Bargo da tabarma kan zo masa sau ɗaya, cikin kayan da ake ba sabon zuwa, tare da bokiti da tukunya da gidan sauro. Bayan shekara biyu bargon ya yage, ko an sayar da shi ranar da yaro ya kwanta ciwo, tamfol ɗin rana ta cinye shi, kuma ba wani layi a kasafi da ya ce a sake.

Yanzu ma asusun ya ƙafe. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da agajin ƙetare, zuwa Yuli an rufe hukumar USAID. Kafin nan Amurka ce ke ba da kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin hukumar 'yan gudun hijira, wadda ta shiga sallamar dubban ma'aikata a daidai lokacin da ƙididdigarta ta nuna mutum miliyan 123 ne ke gudun hijira a duniya a ƙarshen 2024. Ƙasashen Turai da dama su ma sun rage. A Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya na gab da tsayawa. Idan Borno da duniya ta sani tana wannan hali, ina ga Kpendjal da labarinta ba ya fita sai da ƙyar? Gwamnatin Togo ta kafa shirin gaggawa na Savanes, wanda ake kira PURS, tun 2022, ana gina hanyoyi da rijiyoyi da asibitoci da kai lantarki. Aiki ne mai amfani, kuma shi ne maganin dogon zango. Amma titi ba ya ɗumama jariri a daren Janairu.

Kan yadda za a ba da agajin, ra'ayina ya fi karkata ga kuɗi a hannu, a duk inda kasuwa ke ci. Kasuwar Dapaong da ta Cinkassé ba su rasa bargo ko tabarma ba. Uwar gida ta fi kowa sanin abin da ɗakinta ya rasa: wata rufi, wata magani, wata gawayi. Kuɗin kuma na zama a garin, ɗan kasuwar da ya sauki baƙi ya amfana. Togo ta riga ta nuna tana iyawa, domin a Afrilun 2020, lokacin korona, shirin Novissi ya tura kuɗi ta waya ga ɗaruruwan dubban mutane ta T-Money da Flooz. Sai dai an jingina shi da katin zaɓe, wanda baƙo daga Burkina ba shi da shi, kuma tsohuwar da ta gudo ba waya ba takarda ba za ta shiga irin wannan tsari ba sai an neme ta. A ƙauyukan da hanya ta yanke ko kasuwa ta mutu, kaya ne kawai mafita. Ko kuɗi ko kaya, sharuɗɗa biyu ba sa canzawa. Ya isa kafin tsakiyar Nuwamba, domin bargon da aka raba a Fabrairu hoto kawai aka ɗauka da shi. Kuma a lissafa mai masauki. Idan aka ba baƙo aka tsallake wanda ya raba rumbunsa da shi, an shuka gaba a gida ɗaya, kuma gobe wani ba zai buɗe ƙofarsa ba.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mutanen zango na Lome. Ba mu ne baƙin wannan darasi ba. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka kwashe jama'arsa zuwa wajen gari ta arewa, wurin da ya zama Agoè-Zongo, daga baya zuri'arsu da sababbin zuwa suka bazu unguwanni irin su Avédji. Kakanninmu sun san abin da ake nufi da a wayi gari ba rufi. Kuma duk arzikin zango an gina shi ne kan al'adar maigida: bafatake ya iso da shanu ko goro, a ba shi ɗaki da tuwo, a tsaya masa a kasuwa, ba a tambayi garinsu don a kore shi ba. Manomin Moba da ya sauki iyalai uku a yankin Tône, inda Dapaong take, a yau, aikin maigida yake yi, ba tare da la'adar da maigidan zango ke samu ba.

Abin da ake buƙata kuma yana hannunmu fiye da yadda yake hannun Janeba. Dilolin gwanjo da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Lome suna buɗewa ne a kasuwar Hédzranawoé, cike da rigunan sanyi da barguna da aka ɗinka don sanyin Turai, waɗanda a zafin Lome ba su da kasuwa sosai. Manyan motoci na tashi kullum zuwa Cinkassé, sun ma ƙaru tun da iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023 kayan Nijar suka koma bi ta Lome, kuma da yawa daga masu motocin da direbobin 'yan uwanmu ne. Masallatan Juma'a na tara jama'a kowane mako. Abin da ya rage shi ne lokaci da tsari. Hannunmu ya saba buɗewa da azumi da layya, wannan alheri ne, amma ɗari ba ya bin watan Musulunci. Azumi na matsowa baya da kwana 11 kowace shekara, a 2026 ya kama a Fabrairu, nan da 2030 zai faɗo farkon Janairu. Ko a hakan ya makara ga wanda ya fara karkarwa tun Nuwamba. Gangamin hunturu na Satumba da Oktoba ne. Malamai sun san matafiyin da guzurinsa ya yanke na cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, sadaka kuwa ba ta tambayar addinin mai jin sanyi, kuma da yawa cikin waɗanda aka kora Kiristoci ne ko masu addinin gargajiya.

Akwai tsoro na gaskiya da ba zan raina ba. Savanes yanki ne na dokar ta-ɓaci. Ɗan kasuwa Bahaushe ko Bafillace da aka gani da mota cike da barguna ya nufi iyaka na iya fuskantar tambayar wa zai kai wa, kuma zargi a irin wannan lokaci ba wasa ba ne. Saboda haka kada kowa ya yi gaban kansa. Akwai hukumar kare jama'a ta ƙasa, ANPC, akwai hukumar kula da 'yan gudun hijira, CNAR, akwai Kuros Ruj ta Togo mai 'yan sa-kai a garuruwan arewa, akwai Tarayyar Musulmin Togo da sarakunan zango da za su iya shiga gaba da takarda a hannu. Ta nan kaya za su bi, a rubuce, a bayyane. Wannan zargin kuma shi ne ke sa iyalan Fulani da yawa ke gudun rajista, su yi bukka a bayan gari inda iska ta fi kaɗawa, alhali su ma an kashe nasu an kore musu shanu. Duk wanda zai tsara rabo ya tambaya musamman ina suke, domin ba za su zo layi da kansu ba.

Sannan a tace abin da za a aika. Ba tsummokaran da muka gaji da su ba, ba takalman biki ba. A tambayi masu aiki a can adadin gidaje da shekarun yara kafin a sayi komai. Tabarma da bargo biyu-biyu ga kowane ɗaki, hula da safa na jarirai a kai wa ungozomomi da ɗakunan haihuwa su riƙa ba duk mai jego, rigunan sanyi na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da na tsofaffi, man kaɗanya don faso, sabulu, fitilar rana. Abin da ake samu a Dapaong a aika kuɗinsa a saya a can, a bar kuɗin mota ya zama ƙarin bargo. Kwamitin da ya karɓi kuɗin jama'a kuma ya dawo gaban masallacin da aka tara su, ya karanta abin da ya shigo, da abin da aka saya, da sunayen garuruwan da aka kai.